Tayin da Nizar Ya Yi a Bakin Layi

Nizar Taufiƙ Alhimsi an haife shi ranar 9 ga Maris, 1961, a Fagge ta birnin Kano, a benen da ke bisa kantin yadin mahaifinsa. Uban mutumin Hims ne ta ƙasar Siriya, cikin fataken nan da Kanawa ke kira Kwarori. Yaron ya tashi yana jin Larabci a gida, Hausa a waje, kuma da yake waje ya fi gida faɗi, Hausar ce ta yi rinjaye.

A kantin nan ya koyi darasin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Idan mai saye ya taɓa yadi ya yaba, sai mahaifinsa ya dafa ƙirji ya ce, "Ɗauka, naka ne." Mai saye kuma, da yake ɗan mutunci ne, sai ya ce, "A'a, Allah ya amfana, a dai yi ciniki." A sake yi masa tayi, ya sake ƙi, sannan a shiga maganar gaskiya. Ba a taɓa jin wanda ya naɗe yadin ya fita ba. Siriyawa suna da wannan ɗabi'a, Hausawa suna da ita, shi kuwa Nizar ya gaje ta ta ɓangare biyu, saboda haka ta yi masa yawa.

Wasan tanis kuwa a hannun Malam Yunana ya koya, wani mutumin Kagoro mai kula da filayen wani kulob a bayan gari. Shi ya fara damƙa masa raket, shi ya gyara masa tsayuwa, shi ya yi ta jefa masa ƙwallo cikin rana har hannun yaron ya faɗa. A 1983 aka tuna a Dimashƙa cewa akwai wani ɗan ƙasa a Kano wanda ya iya mayar da ƙwallo bisa raga, aka kira shi. Ya yi 'yan shekaru yana buga wa Siriya wasa. Larabcinsa na awon yadi ne, in kuma ya zubar da ƙwallo da Hausa yake zagin kansa, don haka abokan wasansa suka sa masa suna Bakano. A Kano Kwara ne, a Dimashƙa Bakano, ko'ina dai an san baƙo ne. Ya zaga ƙananan gasanni daga Alƙahira zuwa Legas, har sunansa ya shiga jerin 'yan wasan duniya, da wata lamba mai tsawo da ta fi kama da lambar mota.

A 1988 ya sauka New York da jaka ɗaya da buri ɗaya. Akwai babbar gasar tanis da ake yi kowace shekara a unguwar Queens ta birnin idan zafi ya kusa ƙarewa. Nizar bai ce zai ɗauki kofinta ba, yana da sauran hankali. Abin da yake so shi ne ya shiga wasannin share fage, ya taka filin da ƙafarsa, a kira sunansa a lasifika ko da a karkace ne.

Hawawu ta fara ganinsa a Titi na 125 a Harlem, inda take da teburin atamfa. 'Yar zangon Kumasi ce, ta yi shekaru a Kano wajen gwaggonta kafin a kori baƙi, daga baya ta biyo 'yan'uwanta Amurka. Ran nan tana cin wake da shinkafa a bayan teburinta, sai ga wani farin mutum ya tsaya yana murza bakin atamfa da yatsu biyu, irin murzar waɗanda suka san yadi. Don neman tsokana ta tura kwanon ta ce, "Bismilla."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi," in ji shi, da Hausar Kano tsantsa. "A ci lafiya."

Cokalin ya tsaya mata a hanya. Ta sake yi masa tayi, ya sake ƙi, alhali cikinsa yana ƙugi har tana ji duk da hayaniyar motoci. A na uku ya zauna ya cinye kwanon tas. Hawawu ta ce a ranta, wannan ya san gida. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure, suka kama ɗaki a unguwar Morris Heights ta Bronx, a hawa na biyar.

Ba a jima ba ta gane cewa abin da ya burge ta shi ne zai zame mata ciwon kai. Mijinta tayi yake yi da komai, mutanen New York kuwa ba su da wata matsala da tayi, karɓa suke yi. Maƙwabcinsu ya yaba rediyonsu, Nizar ya dafa ƙirji ya ce nasa ne, rediyo ya koma ɗakin maƙwabci, suka riƙa jin labarai ta bango. Wani a jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya yaba rigar sanyinsa, ya dawo gida cikin dusar ƙanƙara da 'yar shara.

"Maigida," in ji Hawawu, "nan ba Kantin Kwari ba ne. In wani ya yaba ni fa?"

"Ai ke ba wanda zai iya ɗauka," in ji shi.

Da safe yana ɗaura wa raket igiya a wani shago a Manhattan, da yamma yana atisaye a filin gwamnati har gwiwoyinsa su fara ƙara. A 1990 dama ta zo. Wani kulob a bakin Bronx ya shirya gasa, aka ce wanda ya zo na ɗaya za a ba shi gurbi a wasannin share fage na Queens. Nizar yana dab da shekara talatin. A tanis wannan tsufa ne, kuma shi da Hawawu duk sun san ba za a sake buɗe masa wata ƙofa ba.

Ana saura mako guda aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wani dogon saurayi ne da jakar raket a kafaɗa, ya ce shi ne Yafet, ɗan Malam Yunana. Tun yana ɗan shekara goma sha uku aka kawo shi Amurka karatu saboda iya tanis, bai kuma sake komawa gida ba. Shi ma gasar ya zo, babansa ya ce in ya shiga New York kada ya sauka ko'ina sai wajen yayansa. Nizar ya rungume shi har da hawaye. Ya ba shi gadonsu, shi da Hawawu suka koma falo. Yaron bai ce a'a ba. Hawawu ta lura da wannan, ta kuma lura cewa idan aka ce masa bismilla, tun kafin a rufe baki ya wanke hannu.

"Ƙanen naka ba ya ƙin abu," ta ce wa mijinta.

"Yunwar ɗalibai ce. Jinin Malam Yunana ne, ya san ya kamata."

Nizar da Yafet suka yi ta cin wasanninsu, kowa ta ɓangarensa, har ranar Lahadi aka wayi gari su biyu suka rage. Hausawa direbobin tasi na titin Grand Concourse suka cika benci, da Malam Shitu a gaba, wanda bai taɓa kallon tanis ba amma ya yi shekaru yana kallon dambe. Shi ya bayyana wa sauran cewa abin turmi uku ne, wanda ya ci biyu ya yi kisa. Sau da yawa ma'aikatan kulob suna roƙonsu su rage gaisuwa.

A irin wannan ƙaramar gasa ba a sa masu tsaron layi. Kowane ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon da ta sauka a gefensa ta shiga ko ta fita, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Alƙali yana nan bisa kujerarsa, amma ba ya tsoma baki sai an yi gardama.

Nizar ya ci turmin farko. A na biyu ya yi ta jan yaron daga kusurwa zuwa kusurwa, har aka zo inda maki ɗaya kacal ya rage masa ya gama. Yafet ya kai wa ƙwallo duka da dukan ƙarfinsa, ta wuce layin baya ta sauka a waje da faɗin tafin hannu. Filin na jar ƙasa ne, ƙwallo tana barin shaida, ga tabon nan kowa yana gani. Malam Shitu ya riga ya miƙe yana gyara hula. Abin da ya rage wa Nizar shi ne ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce ta fita, sai Queens.

Hawawu tana zaune daidai layin. Ta ga mijinta ya dubi tabon, ya dubi yaron, sannan ta ga hannunsa na hagu yana tafiya zuwa ƙirji. Ta san wannan hannun, shi ya tafi da rediyo. Ta kuma san lissafin da yake yi kamar a tafin hannunta yake rubuce. Nasara tasa ce, ba mai ƙwace ta. Amma ta yaya mai masauki zai ɗaga wa baƙonsa yatsa a gaban jama'a, baƙon kuma ɗan malaminsa? Zai yi tayi, yaron ya ce a'a, ya sake yi, yaron ya rantse, sannan a yi musabaha, nasara ta shigo da ladabinta.

"Ƙanena," in ji Nizar da murya mai daɗi, "ta shiga. Makinka ne."

Yafet ya ɗaga raket sama ya ce, "Tankiyu, Yaya." Ya juya ya koma bayan layinsa, yana gyara igiyar raket da yatsu.

Nizar ya tsaya da hannu a ƙirji yana jiran sauran maganar. Babu saura. Alƙali ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai ga gardama ba, ya faɗi maki. Malam Shitu ya zauna a hankali ya tambayi na kusa da shi ko wata doka ce ta Turawa da bai sani ba.

Daga nan mutumin da ke cikin filin ba Nizar ba ne. Kowace ƙwallo ya buga sai ya dubi yaron, ko zai tuna. Yafet bai tuna komai ba sai abin da aka koya masa a makaranta, wato idan abokin karawa ya yi sanyi a ƙara masa wuta. Ya ci turmi na biyu, ya ci na uku, aka miƙa masa gurbin Queens, Nizar ya fi kowa tafi.

Tare suka koma gida, a jirgi ɗaya, domin baƙo dai baƙo ne. Hawawu ta ajiye tuwo da miyar kuka a gabansu da ƙarfin da ya sa murfin kwano ya yi tsalle. Yafet ya wanke hannu.

"Yafet, tsakaninka da Allah, ƙwallon nan ta shiga?"

"Anti, ni ina can nesa. Gefen Yaya ne, shi ke da kol, shi ke yanke hukunci. Ya ce ta shiga."

"Ya ce ta shiga. In ya ce maka ɗakin nan naka ne fa?"

Yaron ya dubi ɗakin, kamar mai auna ko zai ishe shi.

"Bar shi ya ci abinci," in ji Nizar. "Ƙara nama, ƙanena."

Ya ƙara.

Ranar wasan share fage Malam Shitu ya kwashe su a tasinsa zuwa Queens don su mara wa ɗan gida baya. Ya sauke su a ƙofa ya tafi neman wurin ajiye mota. Kafin ya samu an gama. Wani ɗan Ajantina ya share Yafet kamar mai sharar tsakar gida. Nizar ya kalli wasan daga benci na sama, ya ji an kira sunan ɗan Malam Yunana a lasifika, a karkace kuwa. Wannan shi ne iyakar kusancinsa da filin da ya ƙetaro teku dominsa.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani abin faɗi. Ya ci gaba da ɗaurin igiya, ya koma koya wa matan likitoci yadda ake riƙe raket, tumbi ya fito, gwiwa ta ƙi. Bai taɓa zargin yaron ba. In an tayar da maganar sai ya ce, "Bai sani ba ne, an ɗauke shi da wuri." Hawawu ce ta ɗauki riƙon a madadinsa, ta kuma riƙe shi da kyau. Yafet ya bar tanis, ya zama mai gasa wa marasa lafiya ƙashi a wani asibiti a New Jersey. Duk Kirsimeti sai ya bugo waya, in kuma ita ta ɗauka, bayan gaisuwa sai ta ce, "Yaya ido? An fara gani daga nesa?"

A 1996 Yafet ya je Kagoro karo na farko tun tafiyarsa. Cikin hira ya ba mahaifinsa labarin yadda ya taɓa doke Yaya Nizar, har da makin da aka bar masa, yana dariya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya ce maka ta shiga, ka ce me?" Yafet ya faɗa masa. An ce Malam Yunana ya tashi ya shiga ɗaki, bai sake cin abinci kwano ɗaya da ɗansa ba har Yafet ya koma Amurka. Abin da Hawawu ta yi shekara shida tana faɗa ta waya bai shiga ba, shirun tsoho ya shigar da shi.

Da zafi ya dawo Yafet ya zo Morris Heights da kansa, ya durƙusa a falo, ya roƙi a sake wasan. Gurbin Queens ba ya dawowa, kowa ya san haka, amma aƙalla a san wanda ya ci. Nizar ya ce ba komai, ya wuce. Hawawu ta ce da komai, bai wuce ba, kuma ita ce alƙaliya.

Suka kama filin gwamnati a Bronx, irin wanda ake ba mutum na awa guda, in lokaci ya cika ya fita. Aka yarda turmi ɗaya za a yi saboda gwiwoyi. Hawawu ta kifa bokiti a bakin layin bayan mijinta ta zauna, in sun sauya gefe ta ɗauki bokitinta ta bi shi. Ta riga ta gargaɗe shi tun a gida: "In na ga hannun nan ya nufi ƙirji, da bokitin zan jefe shi."

Ba wanda zai kira abin da suka yi a ranar ƙwararren wasa. Mutum biyu ne masu nauyi suna haki. Amma hannun Nizar bai manta ba, sannu a hankali ya wuce gaba, har aka sake zuwa inda maki ɗaya ya rage masa. Ya ja ƙwallo ta gefen layi, ta tafi ta sauka can a kusurwar Yafet, ko bisa layin ko dab da shi. Filin siminti ne, babu tabo. Hawawu kuwa, da duk shirinta, tana wancan ƙarshen, a gefen da ba a bukatarta.

Yafet ya dafa ƙirji. "Ta shiga, Yaya. Ka ci."

"Ta shiga," in ji Hawawu daga kan bokiti, ko da yake ba abin da ta gani sai bayan mijinta.

Nizar ya girgiza kai. "A'a, ƙanena, ta fita. Na ga fitarta."

"Wallahi ta shiga, Yaya."

"Kada ka rantse saboda ni. Makinka ne."

"Ba zan karɓa ba."

"Ni ma ba zan karɓa ba. Ni za a yi wa tayi in naɗe?"

"Maigida," in ji Hawawu, ta taso, "ba tayi ba ne, hukunci ne. Ni ce alƙaliya, na ce ka ci."

"Ke kina can nesa," in ji shi.

Suka matso raga, kowa da hannu a ƙirji, kowa yana tura wa ɗan'uwansa nasara kamar kwanon da ba mai so. Yafet ya koyi darasin, ya kuma koye shi fiye da kima, a ranar da ba a bukatarsa. Suna cikin haka sai ga waɗansu mata biyu da fararen kaya sun shigo, ɗaya tana nuna agogonta. Lokaci ya cika. Nizar ya juya ya ce musu su yi haƙuri, ko da yake in suna sauri filin nasu ne. Suka ce sun gode, suka fara buɗe jaka.

A bakin ƙofar filin aka yi sulhu: za a sake buga makin nan ɗaya, shi kaɗai, duk ranar da aka samu dama. Da zafi na gaba gwiwar Nizar ta kumbura. Da ta sace, Yafet yana aikin ƙarshen mako. Nizar ya sayi sabon gwangwanin ƙwallo ya ajiye bisa firij, ya hana kowa buɗewa, ya ce na ranar ne.

Nizar ya rasu cikin watan Janairu na 1999, bayan gajeriyar rashin lafiya. Direbobin tasi suka yi masa sutura, aka samu Siriyawa biyu daga Brooklyn suka zo, suna mamakin yadda duk masu kukan da Hausa suke yi. Yafet ya zo ta'aziyya ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Hawawu ta tura masa kwano ta ce bismilla. Ya ce ya ƙoshi. Ta sake, ya ce ya ƙoshi. Ta yi na uku, ya sake ƙi.

"A na uku ake ci," in ji ta. "Har yanzu da sauranka."

Ya ci kaɗan. Da zai tafi ya tsaya gaban firij ya ce, "Anti, ni dai a wajena Yaya ne ya ci wasan nan."

"A wajenka. Shi bai karɓa ba."

Gwangwanin yana nan inda Nizar ya ajiye shi, ba a fasa murfinsa ba. Wasan kuwa yana inda suka bar shi: Nizar Taufiƙ Alhimsi ne a gaba, saura maki ɗaya, bai buga ba.